Giram Goma na Man Zaitun

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a tsibirin Kirit,
injin matsar zaitun bai huta ba tun asuba.
A bayansa akwai ɗan ɗaki,
tebur ɗaya, fitila ɗaya, da Ebantiya mai awo.

Manusos ya shigo da kwalba a ƙarƙashin hammata,
mai kore shar, da sauran ɗuminsa.
Ya ajiye ta kamar mai kwantar da jariri,
aka miƙa masa kujera, ya ƙi zama.

Ta auna giram goma cif,
ta tsinka shi da ruwan sifirit,
ta ɗiga ɗigo uku na ɗan rahoto,
wani ruwa marar launi
da ba ya buɗe baki sai ran da tsami ya ƙare.
Daga sama, dogon bututun gilashi mai zane-zane
cike da kanwar ɗakin gwaji,
ɗaya bisa goma na mol a kowace lita.
Masana sun raɗa mata suna alkali.
Ƙugiya ɗaya ta raba ta da alƙali,
a daren nan kuwa ko ƙugiyar babu.

Ɗis.
Ruwan hoda ya leƙo, ta juya kwalba, ya ɓace.
Ɗis.
Ya sake leƙowa, ya sake gudu.
Kowane ɗigon kanwa ya tarar da tsami daidai da shi,
su rungumi juna, su koma sabulu da ruwa,
ba mai cin wani, ba mai bin wani bashi.

Ta san iyakar a kai, ba sai ta duba ba:
mililita biyu da ɗigo takwas da 'yan kai.
In launi ya tsaya kafin nan, man sarki ne,
dillalai za su biya shi da daraja.
In ya haye, ya zama na talakawa.

Biyu da rabi. Launi bai tsaya ba.
Biyu da ɗigo takwas.
Yatsunta suka yi nauyi a kan famfon.
Wa zai sani in ta rufe a nan?
Tsohon nan shi ya koya mata hawan keke.
Ta ji numfashinsa a bayan wuyanta,
ta saki ɗigo na gaba.

A uku da ɗigo ɗaya ruwan hoda ya zauna.
Ta ƙirga goma sha biyar a zuci, bai tashi ba.
Kanwa ta kar tsami,
amma ƙwannafi bai kwanta ba.

Ta wanke kwalba, ta sake daga farko.
Ta sake na uku, ko ido ya yi ƙarya.
Gilashi ba shi da dangi a ƙauyen nan.

Sai fensir:
uku da ɗigo ɗaya sau ɗaya bisa goma,
sau ɗari biyu da tamanin da biyu, nauyin mol ɗaya na tsamin mai.
Miligiram tamanin da bakwai a cikin giram goma.
Sifili da ɗigo takwas bakwai bisa ɗari.
Iyaka kuwa sifili da ɗigo takwas.

Ta juya masa takardar.
Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon bakwai ɗin nan.

«Kwana huɗu buhunan suka yi jingine da bango,» in ji shi.
«Ina asibiti wajen Argiro.
Zaitun ya yi gumi a cikin buhu, ni ma na yi.
Ashe yana ƙirga kwanakin.»

«Yaya jikin nata?»

«Ta ci burodi yau. Ta ce ba mai a kai.»

Ya ɗauki ragowar kwalbar, ya mayar hammata,
ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce.
Ebantiya ta cika bututun zuwa sifili,
don akwai mutum shida a layi, kowa da tasa kwalba.